Shekara Ba Ta Kama Da 'Yar'uwarta: Yanayi Da Amfanin Inabi

GABATARWA

Babu manomi a Dodoru da bai san cewa gona ɗaya, iri ɗaya da hannu ɗaya ba sa ba da amfani iri ɗaya kowace shekara ba. Albasar wata shekara takan yi watanni a rudu lafiya lau har farashi ya tashi, ta wata shekarar kuwa ta fara ruɓewa tun mai ita bai gama biyan kuɗin taki ba. Raken bara ya yi zaƙi, na bana lami. Idan aka tambayi dalili, amsar da aka saba ji ita ce, "Haka shekarar ta zo." Wannan amsa gaskiya ce, amma ba ta ishi ɗalibin kimiyyar noma ba. Shi dole ne ya ƙara tambaya: mene ne a cikin shekarar ya kawo haka, kuma a wane wata ya faru?

Domin mu amsa wannan tambaya, mun zaɓi wata shuka wadda ba mu saba gani a gonakinmu ba, wato inabi. Dalilinmu shi ne, da wuya a sami wani amfanin gona a duniya da aka bi diddigin shekarunsa kamar inabin da ake matsewa a yi jan ruwan inabi da shi. Manoman Faransa sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta ranar da suka fara girbi, har ma suna buga shekarar girbin a jikin kwalba. Kwalba biyu daga gona ɗaya, sai ka ga ta wannan shekara ta ninka ta waccan kuɗi. Abin da suka koya ta wannan hanya zai haska mana abin da ke faruwa da albasarmu da rakenmu da zoɓonmu.

Ba tallar abin sha muke yi ba. Dokar makaranta da koyarwar ikilisiya a kan maye suna nan yadda kowa ya san su. Amma inabi ba baƙo ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki, gama kurangar inabi da girbinta da wurin matsewarta sun cika littafin, ga kuma ƙoƙon Jibin Ubangiji. Yana da kyau mu san shukar da muke yawan ambata.

ABIN DA KE CIKIN ƘWAYAR INABI

Idan aka matse ƙwayar jan inabi, ruwan da zai fito yawanci ba ja ba ne, garau yake. Jan launin yana cikin fatar. Saboda haka masu yin jan ruwan inabi sukan bar fatar da 'ya'yan ciki su jiƙa tare da ruwan na kwanaki, har launin ya fita. Abubuwa huɗu ne suke dubawa a cikin ƙwayar.

Na farko sukari. Ganye ne yake haɗa shi da taimakon hasken rana, sa'an nan ya aika da shi cikin ƙwayar. Nunannen inabi yakan ɗauki kamar giram 200 zuwa 240 na sukari a kowace lita ta ruwansa. Yisti yana cin sukarin ya mai da shi barasa, kuma kimanin giram 17 a lita ne yake ba da kashi ɗaya cikin ɗari. Ɗalibin aji uku zai iya lissafin: giram 170 ya ba da kashi 10, giram 240 ya ba da kashi 14.

Na biyu tsami. Ɗanyen inabi yana da tsami ƙwarai, yana raguwa yayin da ƙwayar take nuna, kuma zafi yana hanzarta raguwarsa. Idan tsamin ya yi yawa ruwan ba ya shawuwa, idan ya yi kaɗan ruwan ya zama lami, ba ya kuma ajiyuwa.

Na uku launi. Sinadarin da ke ba da shi ana kiransa antosayanin, kuma danginsa ne suke sa zoɓo ya yi ja. Yana son haske da rana da sanyi da dare. Idan zafi ya wuce digiri 35 na kwanaki, fatar ba ta yin launi yadda ya kamata.

Na huɗu bauri. Kowa ya san baurin goro da na ɗanyen ɗan itace. Sinadarin da ke kawo shi, wato tanin, shi ne yake cikin bagaruwar da majema suke jeme fata da ita. A inabi yana cikin fata da 'ya'yan ciki. Shi ne yake sa jan ruwan inabi ya yi shekaru a ajiye bai lalace ba. Amma idan inabin bai nuna sosai ba, baurin yakan yi kaushi a baki.

Matsalar manomi ita ce, waɗannan abubuwa huɗu ba sa tafiya da sauri ɗaya. Zafi yana tura sukari sama, yana jan tsami ƙasa, launi da bauri kuwa suna bukatar lokaci. Shekara mai kyau ita ce wadda duka huɗun suka daidaita a mako ɗaya, kuma sararin sama ya bar manomi ya girbe a wannan makon.

TAFIYAR SHEKARA GUDA A GONAR INABI

Bari mu bi kuranga a yankin Bordo, kudu maso yammacin Faransa, daga farkon shekara zuwa girbi.

Daga Nuwamba zuwa Maris kuranga takan zubar da ganye ta yi barci saboda sanyi. A lokacin ne ake datse rassanta. Ruwan da ya sauka a waɗannan watanni yana shiga ƙasa ya zama ajiya, saiwoyi za su sha shi daga baya. Saboda haka ruwan wannan lokaci alheri ne.

Wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu, idan ɗumi ya kai kamar digiri 10, sai toho ya fito. Nan ne hatsarin farko yake. Sabon toho yana da laushi, kuma dare ɗaya na sanyin da ya sauka digiri biyu ko uku ƙasa da sifiri ya isa ya ƙone shi, ya wayi gari baƙi ƙirin kamar wuta ta bi ta kansa. Kurangar za ta sake toho, amma na biyu ba ya ba da 'ya'ya da yawa. Shi ya sa manoma sukan kwana a gona suna kunna wuta a tsakanin layuka domin su ɗan ɗumama iska.

A ƙarshen Mayu zuwa Yuni kuranga takan yi fure. Furen ƙanana ne ƙwarai, suna son ɗumi da bushewa na kwana goma ko makamancin haka. Idan ruwa da sanyi suka zo a makon nan, fure da yawa sukan zube, nonon inabin ya fito da giɓi, wasu ƙwayoyi manya wasu ƙanana, ba su kuma nuna tare. A nan ake yanke yawan amfanin shekara. Manoma sukan ƙirga kamar kwana 100 daga fure zuwa girbi.

A Yuli da Agusta ƙwayoyin suna girma, sa'an nan su fara sauya launi daga kore zuwa ja. A nan akwai abin da zai ba mai noman gero mamaki: mai inabi yana so kurangarsa ta ɗan ji ƙishi. Idan ruwa ya yi yawa, kuranga takan ci gaba da fitar da rassa da ganye, ƙwayoyin su kumbura da ruwa. Idan ta ɗan ji ƙishi, sai ta daina yaɗo ta mai da ƙarfinta ga 'ya'ya. Ƙwayoyin sukan zama ƙanana, kuma ƙaramar ƙwaya tana da fata mai yawa idan aka gwada da ruwan cikinta, wato launi da bauri da ƙanshi sun ƙaru ke nan. Amma ƙishi kaɗan muka ce. Idan fari ya tsananta, ganye yakan rufe ƙofofinsa, ya daina haɗa sukari, nuna ta tsaya cik.

Satumba zuwa farkon Oktoba lokacin girbi ne, kuma shi ne mafi hatsari. Ruwan sama a kan nunannen inabi yana sa ƙwayar ta sha ruwa ta tsinke, fata ta tsage, fumfuna mai ruwan toka ta shiga, nono duka ya ruɓe cikin 'yan kwanaki. Manomi yana tsakanin abu biyu: ya girbe da wuri inabin bai gama nuna ba, ko ya jira mako ɗaya ya yi kasadar ruwa. Ƙanƙara kuwa ba ta da wata. Cikin minti goma takan tsiyata gonar da aka yi shekara ana yi wa hidima, ta bar ta maƙwabci ba ta taɓa ba.

Abin lura a nan shi ne, ba yawan ruwan shekara kaɗai ake dubawa ba. Ruwan da ya zama albarka a Janairu shi ne masifa a Satumba.

SHEKARUN DA MANOMAN INABI SUKA RIƘE

Kamar yadda tsofaffinmu suke lissafi da yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko farin 1973 da na 1984, haka manoman inabi suke da shekarun da ba sa mantawa.

A 1815 dutsen Tambora na ƙasar Indonesiya ya yi aman wuta, tokarsa da hayaƙinsa suka bazu a sararin sama suka rage hasken rana. A 1816 Turai ba ta ga lokacin zafi na kirki ba, inabin Faransa bai nuna ba sai wajen ƙarshen Oktoba, shi ma da tsami.

A Fabrairun 1956 wani matsanancin sanyi ya kashe kurangu masu yawa a Bordo har saiwa, aka sake dashe daga farko. A 1961 sanyi da rashin kyawun fure suka rage amfani ƙwarai, amma watannin da suka biyo baya suka zo da ɗumi da bushewa. Ɗan abin da aka samu ya zama ɗaya daga cikin mafi daraja a ƙarnin nan duka. Wannan ya nuna mana cewa yawa daban, kyau daban. Shekarun 1963, 1965 da 1968 kuwa ruwa da ruɓa suka ɓata su. Shekarar 1982 ta haɗa yawa da kyau, abin da ba kullum ake samu ba.

A Afrilun 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, sanyin dare ɗaya ya ƙone tohon gonaki masu yawa a Bordo. A 2003 zafi mai tsanani ya sauka a Turai, aka fara girbi tun cikin Agusta a wurare da yawa, wasu ƙwayoyin sun motse a jikin kuranga, sukari ya yi yawa, tsami ya yi kaɗan. Shekarun 2009 da 2010 suka yi kyau a jere. A 2013 ruwa da sanyi suka ɓata fure, ƙanƙara ta faɗi a Agusta, ruɓa ta zo da girbi. Sanyin Afrilu ya sake yin ɓarna a 2017 da 2021.

Gonakin nan ba su tashi daga inda suke ba, masu su ma ba su manta da sana'arsu ba. Abin da ya bambanta shi ne abin da sama ta yi, da watan da ta yi shi.

MALAMIN DA YA YI LISSAFI

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wani malamin tattalin arziki a Jami'ar Princeton ta Amurka, Orley Ashenfelter, ya ɗauki irin wannan magana ya mai da ita lissafi a ƙarshen shekarun 1980. Ya tattara farashin da aka sayar da jan ruwan inabin Bordo na shekaru daban-daban a kasuwar gwanjo, ya jera shi kusa da bayanan yanayi na waɗannan shekarun. Sai ya ga cewa abubuwa uku na yanayi, idan aka haɗa da daɗewar kwalbar, sun bayyana fiye da kashi uku cikin huɗu na bambancin farashin: yawan ruwan da ya sauka lokacin barcin kuranga, matsakaicin ɗumi daga Afrilu zuwa Satumba, da ruwan Agusta da Satumba. Na farko da na biyu idan sun ƙaru farashi ya tashi, na uku idan ya ƙaru farashi ya faɗi.

Da wannan lissafi ya faɗa tun da wuri cewa amfanin 1989 da na 1990 za su yi fice. Masu sana'ar ɗanɗanawa da yawa suka yi masa ba'a, suna ganin harshe ya fi alƙalami sanin abin sha. Daga baya shekarun biyu suka shiga sahun waɗanda ake yabo.

Ya ku ɗalibai, ku lura da kayan aikin mutumin nan. Ba shi da gona a Faransa. Abin da ya samu shi ne rubutun da wasu suka yi ta yi kowace safiya, shekara da shekaru, na ruwa da zafi. Da babu wannan rubutu, da babu lissafin.

INABI A ƘASARMU

Yawancin inabin duniya ana noma shi ne tsakanin digiri 30 da 50 arewa ko kudu da layin tsakiyar duniya. Mu muna wajen digiri 12. Jimillar ruwan shekara a Bordo ya ɗan wuce milimita 900, namu a ƙasar Gwandu da Kalgo yana wajen 800 a matsakaiciyar shekara. A takarda kamar babu bambanci sosai. Amma nasu ya bazu cikin wata goma sha biyu, namu kusan duka yana zuba ne daga Yuni zuwa Satumba, tare da zafi da laima, abin da fumfuna ta fi so ke nan.

Duk da haka ana noman inabi a arewacin Nijeriya. Ƙaramar Hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, wadda hedkwatarta take Hunkuyi, arewa da Zariya, ta yi suna da shi. Inabin ci ne suke nomawa, ana kai shi kasuwa ɗanye. Dabararsu ita ce juya kalandar. Tun da babu sanyin da zai sa kuranga barci a nan, wuƙar manomi ce take yin aikin sanyi: ranar da ya datse rassa, ranar ce ya buɗe wa kuranga sabuwar shekara. Idan ya datse wajen ƙarshen damina, fure da nuna sukan faɗo cikin ɗari da farkon rani, lokacin da rana take da haske, dare yake da sanyi, iska kuma a bushe take. Ruwa kuwa na ban ruwa ne, yana hannunsa. Irin wannan dabara ake yi a Nashik ta Indiya, inda ake girbi wajen Fabrairu da Maris, da kuma kwarin kogin São Francisco na Barazil, inda ake iya girbi sau biyu a shekara.

Wannan bai fid da su daga hannun yanayi ba. Idan damina ta ja ta wuce lokacinta, sabon toho zai gamu da laima da cuta. Idan ɗarin shekarar bai yi sanyi ba, launi ba zai kama da kyau ba. Idan manomi ya makara, zafin Maris da Afrilu zai tarar da inabi a kan rumfa. Duk wanda yake tunanin gwada inabi a yankinmu sai ya tuna cewa zafin bazara a Kebbi yakan wuce digiri 40, wato ƙofar da za a bi ta fi ta Zariya ƙunci.

ALBASA, RAKE DA ZOƁO

Yanzu mu dawo gida mu ga ko darasin inabi ya shafe mu.

Albasar da ake lodi a kasuwar Aliero amfanin ɗari ce. Tana son sanyi yayin da take yin ganye, sa'an nan ɗumi da bushewa yayin da take yin kai. A shekarar da raɓa da laima suka yi yawa, cutar tabon ganye takan kama ta, ganye ya bushe da wuri, kai ya tsaya ƙarami. Gogaggen manomi yakan yanke mata ruwa kwanaki kafin ya cire ta, domin wuyanta ya bushe, ɓawonta ya yi ƙarfi. Albasar da aka cika wa ruwa da taki har ranar cira takan yi girma da nauyi a ido, amma ita ce take fara ruɓewa a rudu. Wannan shi ne ainihin abin da muka gani a ƙwayar inabin da ta sha ruwan Satumba.

Rake ma haka. Da damina yana yin tsayi ne, sukari kuwa yana taruwa idan ruwa ya ja baya, dare ya yi sanyi, girma ya ragu. Masu yin mazarƙwaila sun san raken da ke ba da ita da yawa, da wanda ake ta dafawa itace yana ƙarewa a banza.

Yakuwa takan yi fure idan yini ya fara gajarta, a tsinke zoɓonta da kaka. Idan an shanya shi a busasshiyar iska yakan riƙe jansa. Idan ruwan ƙarshe ya same shi a shanya, sai ya yi duhu da fumfuna, mai saye ya karya farashinsa. Kada mu raina wannan, domin zoɓon arewacin Nijeriya har ƙasar Meziko ake kai shi.

Shinkafar fadama kuwa ita ce ta fi nuna mana cewa lokaci ya fi yawa muhimmanci. Ambaliyar da ta zo a hankali takan kawo laka da danshi. Wadda ta zo da ƙarfi shinkafa tana da ciki, kamar ta 2010 a kwarin Rima da ta 2020 wadda ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, takan bar iyali da bashi.

YANAYI YANA SAUYAWA

A garin Beaune na yankin Burgandi akwai rubutun ranakun fara girbin inabi tun daga 1354. Masana da suka tsara shi suka buga sakamakonsu a 2019 sun tarar cewa daga 1988 zuwa 2018 girbi ya riga lokacinsa na dā da kwana 13 a matsakaici. A ƙarnonin baya yakan faɗo wajen 28 ga Satumba, a waɗannan shekaru ya koma wajen 15 ga wata. Shekaru masu zafi da dā ake gani jifa-jifa sun zama ruwan dare.

Da fari wannan ɗumi ya taimaki yankuna masu sanyi, gama shekarun da inabi ya kāsa nuna sun ragu. Amma ya zo da nasa matsalolin. Toho yana fitowa da wuri, sai sanyin Afrilu ya tarar da shi a fili. Sukari yana cika tun launi da bauri ba su shirya ba. Hukumar inabi ta duniya ta bayyana cewa ruwan inabin da aka samu a 2023 shi ne mafi ƙaranci tun 1961, na 2024 kuma ya ƙara yin ƙasa, saboda fari da sanyi da ruwa da cututtuka a ƙasashe daban-daban.

Manoman ba su naɗe hannu ba. Tun a shekarun 1880, da wata cutar ganye ta shigo musu daga Amurka, wani malamin tsirrai a Bordo mai suna Millardet ya fito da haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa, wanda har yau ake fesawa a amfanin gona iri-iri. A 2021 hukuma ta amince wa manoman Bordo su gwada sababbin iri guda shida masu jure sabon yanayi, har da wani daga Fotugal mai suna Touriga Nacional. Suna kuma dasa iri fiye da ɗaya a gona, wani mai saurin nuna wani mai jinkiri, domin idan shekara ta ƙi wannan ta karɓi wancan. Kakanninmu da suke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya sun daɗe da sanin wannan hikima.

KAMMALAWA

Ruwa ba ya tsami banza. Idan albasa ta ruɓe ko rake ya yi lami, akwai dalili, kuma sau da yawa dalilin yana cikin mako ɗaya ko biyu na shekarar. Ba mu da iko a kan hadari, amma muna da iko a kan ranar shuka, da irin da za mu zaɓa, da ranar yanke ruwa, da ranar girbi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma ya kamata a riƙa saurarensa. Sai dai hasashen na yanki ne mai faɗi. Abin da ya sauka a Dodoru sai mutumin Dodoru ne zai auna shi.

Aikin ba shi da tsada. A sami gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne, a kafa shi a fili nesa da itace da rufi, a riƙa auna zurfin ruwan da ya tara da rula kowace safiya a lokaci ɗaya, a zubar. Milimitan da aka karanta shi ne ruwan da ya sauka. A sami littafi guda mai kauri a rubuta ranar ruwan farko, kwanakin da aka yi ba ruwa, ranar da ɗari ya kama, ranar shuka da ta girbi, buhu nawa aka samu, da wata nawa amfanin ya yi a ajiye. Muna roƙon ɗaliban da ke kula da gonar makaranta su fara wannan, kowane aji ya miƙa wa na bayansa. Iyayenmu na ikilisiya masu gonaki a fadama su ma su sa 'ya'yansu su yi musu.

Shekara ɗaya ba za ta faɗa mana kome ba. Shekara goma za ta fara magana, ashirin kuwa za ta iya hana wani manomi asarar jarinsa. Wanda ya rubuta ranar girbi a Beaune a 1354 bai san wanda zai karanta ba, ya dai rubuta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu hankalin lura da ita.